Abin Da Nauyi Ke Yi Wa Ƙasar Laka: Shawara Ga Mai Shirin Gina Rumbu, Sito Ko Madatsar Ruwa

Manomi, wannan takarda a kan wurin da za ka ajiye abin da ka noma take. Mun sha yi muku bayanin maganin ƙwari da ɓera a rumbu. To, akwai wata ɓarna da ke farawa daga ƙarƙashin ƙasa tun ran da aka aza tubalin farko, ba ta kuwa nuna kanta sai bayan shekara biyu ko uku, wani lokaci ma fiye da haka.

A wani ƙauye da na yi aiki a bakin fadama, manoma sun haɗa kuɗi sun gina sito na bulo da rufin kwano. Magini ya yi aikinsa, ba a yi ƙwauron siminti ba. Da kaka ta yi aka cika shi da shinkafa, yawancin buhunan kuwa aka jibge su a jikin bangon gabas don a bar hanya wajen ƙofa. Shekarar farko lafiya lau. A ta biyu ƙofa ta fara cijewa, aka kira kafinta ya rage mata baki. A ta uku sai ga tsaga ta taso daga kusurwar taga a karkace, har yatsa na shiga. Daɓe ya dare, damshi ya hau, buhunan ƙasa suka ruɓe, ɓera ya sami ƙofa. Aka yi ta zargin magini, wasu ma suka ce sammu ne. Ni kaina da na fara zuwa, siminti na zarga. Sai da muka haƙa rami a gefe muka ga abin da ke ciki: ƙafa biyu na ƙasa mai tauri a sama, daga nan sai laka mai launin toka, wadda babban yatsa ke shigewa cikinta kamar tuwo.

ABIN DA KE FARUWA A ƘARƘASHIN GINI

Ka taɓa tsayawa ka ga yadda ake matse awara? Ana zuba ta a ƙyalle, a ɗaure, a aza dutse a kai. Dutsen ba ya sauka gaba ɗaya. Da farko ruwa ya yi ta zuba, sa'an nan ya koma ɗiga, har ya zama sai ka jima kafin ka ga ɗigo guda. Duk ruwan da ya fita, dutsen ya ƙara sauka kaɗan, awarar kuma ta ƙara tauri. To, abin da gininka ke yi wa laka ke nan. Bambancin kawai, awara cikin sa'a guda ta gama, laka kuwa shekaru take ɗauka.

Dalili shi ne ƙanƙantar ƙwayoyinta. Ƙwayar yashi kana ganinta da ido. Ta laka kuwa, sai ka jera 500 ko fiye kafin su kai milimita ɗaya. A ƙasar fadama, 'yan kafofin da ke tsakanin ƙwayoyin nan cike suke da ruwa, shi kuwa ruwa ba ya matsuwa. Saboda haka ran da ka aza nauyi, ruwan ne ke fara ɗauka. Sannu a hankali yana silalewa ta cikin kafofin, ƙwayoyin na matsowa kusa da juna suna karɓar nauyin, saman ƙasa kuma yana sauka. Wannan shi ne lotsawa, ko kuwa abin da magina ke cewa gini ya zauna. A kan yashi ma gini na zama, amma ruwa na ratsa yashi da sauri, kafin magini ya kwashe kayan aikinsa ƙasa ta gama abin da za ta yi. A cikin laka tafiyar ruwa ta fi haka nawa sau dubbai.

Wani injiniya mutumin Ostiriya, Kal Tarzagi, shi ya fara tsara lissafin wannan al'amari, ya fitar da shi a littafi a 1925, har yau kuma da lissafinsa ake aiki. Abu biyu daga ciki sun shafe ka.

Na farko, kaurin laka shi ke yanke tsawon lokaci, ba kuwa ɗaya bisa ɗaya ba. In kaurin ya ninka biyu, lokacin ninkawa huɗu yake yi. A ce laka mai kaurin ƙafa 5 ta gama zama cikin shekara ɗaya. Irinta mai ƙafa 10 sai shekara 4, mai ƙafa 20 kuwa shekara 16. Amma in akwai shimfiɗar yashi a ƙarƙashin lakar, ruwa ya sami ƙofa biyu ke nan, sama da ƙasa, sai lokacin ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Shi ya sa za ka ga maƙwabta biyu a fadama guda, sito iri ɗaya, na wannan ya zauna ya huta, na wancan bai fasa motsi ba.

Na biyu, lotsawa da sauri take farawa, sa'an nan ta yi ta jan ƙafa. In rabinta ya ɗauki shekara ɗaya, kafin ta kai kashi 9 cikin 10 sai an haura shekara huɗu. Kada ka ce tun da damina ɗaya ta wuce ba ka ga kome ba, an gama. In kuma lakar na haɗe da ruɓaɓɓen ciyayi, irin baƙar ƙasar bakin tafki mai wari, ko ruwan ya gama fita ba ta daina sauka kaɗan kaɗan.

Akwai abin alheri a ciki dai. Lakar da aka matse ta fi ta da ƙarfi, ba ta kuma komawa yadda take ko an ɗauke nauyin. Wurin da katanga mai kauri ta shekara talatin a kai, in ka rushe ta ka mai da gini mai nauyi kamar nata a daidai gurbin, ba zai sauka sosai ba, domin ƙasar ta riga ta saba. Wahalar tana zuwa ne in rabin ginin ya hau tsohon gurbi, rabi ya hau sabuwar ƙasa. Ka riƙe wannan: in gini ya sauka gaba ɗaya daidai wa daida, ko da inci biyu ne, sau da yawa ba abin da zai same shi. Wanda kusurwa ɗaya ta riga sauran sauka, shi ke tsagewa, ko da bambancin bai fi inci guda ba.

RUMBUN KANADA DA HASUMIYAR ITALIYA

Mu koma kan awara. In ka ɗauko dutsen da ya fi ƙarfinta ka maka mata gaba ɗaya, ruwa ba zai sami lokacin fita ba. Ƙyallen ne zai fashe, awara ta tsarto ta gefe. Wannan ya taɓa faruwa ga wani katafaren rumbun alkama na kankare a Tiranskona, kusa da birnin Winifeg a ƙasar Kanada, a 1913. An gama ginin, aka shiga zuba alkama, cikin kamar wata guda aka zuba fiye da tan 20,000, watau fiye da buhu 200,000 irin namu. Ran 18 ga Oktoba aka lura yana sauka. Cikin sa'a guda ya nutse ƙafa ɗaya, kafin kwana ɗaya ya karkace wajen digiri 27, ƙasa ta bulluƙo ta yi tudu a gefensa. Ginin kansa bai fashe ba, har an kwashe alkamar, an kuma miƙe shi a shekarar da ta biyo. Da aka bincika daga baya, sai aka tarar lakar sama mai tauri ce, amma can ƙasa akwai mai laushi. An aza mata nauyin da ya fi ƙarfinta, cikin gaggawa kuma.

Hasumiyar garin Fisa a Italiya labarinta daban. An fara ta a 1173 a kan ƙasa mai laushi, harsashinta bai fi zurfin mita 3 ba. Ana hawa na uku ta fara karkata, sai yaƙe-yaƙe suka tsai da aikin kusan shekara ɗari. Aka koma a 1272, aka sake tsayawa, ba a gama ba sai wajen 1370. Injiniyoyin da suka yi nazarinta sun nuna cewa da an ɗora ta gaba ɗaya ba hutu, da ta faɗi tun ba a gama ba. Tsaikon nan shi ya ba laka damar fitar da ruwa ta yi ƙarfi. Duk da haka ba ta daina karkata ba tsawon ɗaruruwan shekaru, har aka rufe ta a 1990 don tsoron faɗuwa. Sai da aka zaro ƙasa kaɗan kaɗan daga ƙarƙashin gefen da ya fi tudu, ta ɗan miƙe da santimita 40 da ɗoriya, sa'an nan aka sake buɗe ta a 2001.

Na san rumbunka bai kai ko ɗaya daga cikinsu ba. Amma laka ba ta san sunan gini ba, nauyin da ke kan kowace ƙafa ta sani, da saurin da aka aza shi.

LOTSAWA DABAN, KUMBURI DABAN

Kada a haɗa wannan da wata cutar da ta fi yawa a ƙasarmu. Baƙar laka irin ta firgi a wajen Dikwa, Marte da Ngala, inda ake dasa masakwa, da ta wajen Numan da wasu sassan Gombe, tana kumbura in ta sha ruwa, ta tsuke ta dare in rani ya yi. Gini a kanta hawa yake da sauka kowace shekara. Yadda za ka bambance: tsagar kumburi tana buɗewa a wani lokaci na shekara ta rufe a wani. Tsagar lotsawa ba ta rufewa, ƙaruwa take yi, ko da a hankali ne. A fadamun Haɗeja da Jama'are da na kogin Rima ana iya samun duka biyun a wuri guda, ƙasar sama tana kumburi da tsukewa, ta can ƙasa wadda ba ta bushewa tana lotsawa.

KAFIN KA HAƘA HARSASHI

Magani mafi araha shi ne sake wuri. In kana da tudu mai jan ƙasa, marmara ko tsakuwa, kai sito can, ko da zai sa ka ƙara tafiyar amalanke. Na sha faɗa wa mutane haka su ce ai kusa da gona ya fi sauƙi. Sauƙin kaka ɗaya ne.

Wuraren da za ka guje musu ko da kyauta aka ba ka: tsohon kududdufi da aka cike, tsohuwar rijiya ko salga, juji, da tsohuwar hanyar rafi. Ƙasar ciko ta fi kowace sauka, balle in da shara aka cike. In baƙo ne kai a wurin, tambayi dattawan unguwa abin da ke nan da. Yawanci gidajen ƙasa daga ramin da ke kusa aka ɗebi ƙasarsu, ramukan nan kuwa ba ɓacewa suka yi ba, rufe su aka yi.

In ba makawa sai a fadama, to haƙa ramin gwaji, aƙalla biyu, a kusurwoyin da ke nesa da juna. Ƙarshen damina ya fi, lokacin da ƙasa ke kan rauninta. Da rani kowace laka dutse ce, sai ta ruɗe ka. Kada ka shiga ramin da ya wuce ƙirjinka a ƙasa mai laushi, yana iya ruftawa. Daga gindin ramin ka ci gaba da gwaji da rodi.

Ɗebo ƙasa daga kowane mataki ka jiƙa ta, ka murza tsakanin babban yatsa da manuni. In ta fito kamar zare mai faɗi har ta wuce inci biyu ba ta karye ba, tana kuma sheƙi in ka shafa, laka ce. Sa'an nan danna babban yatsanka a jikin ramin. In da ƙyar ya bar shaida, lakar mai tauri ce, za ta ɗauki rumbu da ƙaramin sito. In ya shiga amma sai da ka sa ƙarfi, matsakaiciya ce, a bi ta da dabara. In kuwa ya shige ba wahala, ko ka dunƙula ta tana tsartowa ta tsakanin yatsu, ko rodi na tafiya da nauyin jikinka kawai, kada ka aza mata gini mai nauyi sai injiniya ya duba.

Wani abin da mutane ba su cika sani ba: nauyi na ratsa ƙasa zuwa zurfin da ya kai kamar faɗin ginin sau biyu. Rumbu mai faɗin ƙafa 8 yana taɓa ƙasa har wajen ƙafa 16. Sito mai faɗin ƙafa 20 in an cika shi, har ƙafa 40 ana jin sa. Ba za ka haƙa wannan ba. Amma masu haƙar rijiya da masu buga rijiyar fadama sun ratsa ta sau da yawa. Sayi goro ka je ka tambaye su: a ƙafa nawa kuke samun laka, kaurinta nawa, a ina yashi ke farawa? Abin da za su gaya maka cikin minti goma ya fi abin da ni zan iya gani daga sama.

SHIMFIƊA NAUYI, KA KUMA AZA SHI A HANKALI

Bari mu yi lissafi. Buhu 10 na hatsi mai kilo 100 tan ɗaya ne. A ce rumbunka na cin buhu 30, jikinsa kuma tan 2, duka tan 5 ke nan. In yana zaune a kan duwatsu 10, kowane dutse faɗinsa ƙafa ɗaya tsawonsa ƙafa ɗaya, to kowanne na danna ƙasa da nauyin buhu 5. Dutsen da ya faɗa kan wuri mai laushi shi zai fara nutsewa, rumbu ya karkata wajensa, hatsi ya gangaro can ya ƙara masa nauyi, abu ya yi ta ƙaruwa. Amma in ka fara yin dandamali mai ƙafa 8 kowane gefe, ka kankare ƙasar sama mai saiwoyi, ka zuba marmara ko tsakuwa kana daɓewa har ta yi kauri kamar ƙafa ɗaya, in da hali ka zuba kankare mai rodi a kai, nauyin nan ya bazu a kan ƙafa 64. Kowace ƙafa ba ta ɗauki ko buhu ɗaya cikakke ba. Sa'an nan ka jera duwatsunka a kan dandamalin yadda aka saba, don iska ta ratsa, gara kuma ta rasa hanya.

Zurfin harsashi ya danganta da irin cutar ƙasar. A laka mai darewa da rani, harsashi ya wuce inda tsagar rani ke tsayawa, kada ya gaza ƙafa 3 zuwa 4, a kuma zuba yashi ko marmara a gindi da gefe. Amma inda ɓawo mai tauri ke sama, laka mai laushi na ƙasa, kamar ƙauyen da na ba ka labari, zurfafawa huda ɓawon ne kawai. A nan faɗi ake nema, da gini marar nauyi. Ni a irin wannan wuri na fi son rumbun kara ko na zana guda uku a kan sito ɗaya na bulo. In na bulo ne dole, a ɗaure shi da kankare mai rodi a ƙasa da kuma saman ƙofa da taga, ya zagaye ginin duka, don ya sauka a matsayin abu guda.

In kana da haƙurin shekara, ga dabarar da masu gina manyan hanyoyi ke yi a kan fadama. Kafin a yi gini, a tara ƙasa a wurin ta danne shi. Tudun marmara mai tsayin ƙafa 3 yana danna ƙasa kusan daidai da buhunan da aka jera goma goma. Tudun ya rufe duk inda ginin zai zauna, ya ɗan wuce. Kafin ka zuba, shimfiɗa katako a tsakiya ka kafa masa sanda a tsaye, don ka riƙa auna saukarsa da wata shaida da ke nesa, kamar gindin babban dutse. Bar shi damina ɗaya, in lakar mai kauri ce biyu. In ka ga wata uku sun wuce sanda ba ta ƙara sauka ba, kwashe ka yi gini. Ba ka yi asara ba, da marmarar za ka yi ciko da daɓe.

Ran cika sito kuma, shekarar farko kada ka wuce rabi ko kashi biyu cikin uku na abin da zai ci. Kada a sauke mota guda a kusurwa ɗaya. A shimfiɗa layi ɗaya ko'ina, sa'an nan a hau na biyu, a bar tazarar ƙafa biyu tsakanin buhu da bango. Wajen kwasa ma haka, kada a cinye gefe ɗaya a bar ɗayan danƙare har damina. In shekara ta zagayo za ka sake cikawa, gefen da ya fi ɗaukar kaya bara a sassauta masa bana.

Tankin ruwa ma a lura da shi. Lita 1,000 tan ɗaya ce, tana kuma cika cikin 'yan mintoci in inji ke turowa. Kada a kafa ƙafafunsa a jikin harsashin ɗaki. Haka in za ka ƙara ɗaki a jikin tsohon gini, kada magini ya saƙa bulon sabo cikin na tsoho. Tsohon ya gama zama, sabon yanzu zai fara. A bar 'yar tazara a tsaye tsakaninsu, a toshe ta da abin da ke iya motsi.

RUWA DA ITATUWA

Ruwan indararo ko na bakin kwano kada ya zuba a gindin bango. Yi daɓe mai gangara ya zagaye ginin, faɗin ƙafa 3 ko fiye, da lambatu mai kai ruwa nesa. Darbejiya da turare masu shan ruwa ne ƙwarai, suna busar da lakar gefe ɗaya ta tsuke. A nisanta su da gini kamar tsayin da itacen zai kai in ya girma.

Janye ruwan ƙarƙashin ƙasa ma na sa laka ta lotsa, ko ba a ƙara mata nauyi ba, domin ruwan na taimakawa wajen tallafe ƙasar da ke samansa. Birnin Meziko a kan busasshen tafki yake, yawan zuƙo ruwa da rijiyoyi ya sa wasu sassansa sun sauka wajen mita 10 cikin shekara ɗari. Ɗan injin ban ruwanka ba zai yi wannan ba. Amma dai kada ka buga rijiyar da za a wuni ana ja a gindin sito.

MADATSAR RUWA DA GAƁAR FADAMA

A nan abu biyu ke sauka, ƙasar da ka tara da wadda ka tara a kanta. Daɓewa iska take fitarwa daga cikin ƙasa, nan take kuma ake ganin amfaninta. Ruwan da ke cikin lakar gindi kuwa ba madaɓin da zai fitar da shi, sai nauyi da lokaci.

Kankare ciyawa da ƙasar sama tukuna. Zuba ƙasa inci 6, a daɓe, a sake zuba inci 6. Damshinta ya zama in ka dunƙula ta tana riƙe siffarta ba ta ɓata maka hannu da taɓo ba. Sa'an nan ka ƙara kashi ɗaya cikin goma a kan tsayin da kake so: in ƙafa 10 kake nema, gina 11. Ƙarin ya fi yawa a tsakiya, inda kwarin ya fi zurfi, domin nan ne ta fi tsayi, nan ne kuma za ta fi sauka. Sabuwar madatsa ta yi ɗan doro a tsakiya. In ka gina ta a miƙe, bayan shekara biyu tsakiyar ta zama kwari, ran da aka yi ruwa mai yawa ta nan zai bi maimakon mafitar da ka yi masa a gefe, madatsar ƙasa kuwa in ruwa ya haura kanta yankewa take yi. In kana cikin aiki ka ga ƙasa na kumburowa a gindinta, ko tsaga ta bi tsawon samanta, tsaya. Bar ta ta huta, ka faɗaɗa gindin, ka ƙarasa baɗi. Kowace shekara kafin ruwan farko a auna samanta a cike inda ya lotsa.

IN GININ YA RIGA YA TSAGE

Kada ka yi saurin liƙe tsaga da siminti, in ginin na motsi sake darewa za ta yi. Fara sanin ko tana ƙaruwa. Shafa ɗan siminti marar kauri, kamar faɗin tafin hannu, ya haye tsagar, ka rubuta kwanan wata a kai da ƙusa. In ya tsage, akwai motsi. Ka duba shi da rani, ka duba da damina, don ka san ko kumburi ne ko lotsawa.

Don sanin kusurwar da ke sauka, nemi tiyo na roba wanda ake ganin cikinsa, ka cika shi da ruwa, ka fitar da kumfar iska. Ruwa a bakin nan da bakin can kullum tsayinsu ɗaya. Kai ka riƙe baki ɗaya a kusurwa guda, ɗanka ya zagaya da ɗayan, ku ja layi a kowace kusurwa daidai kan ruwan. Bayan wata uku ku sake. Layin da ya koma ƙasa da ruwa, kusurwarsa ce ke nutsewa. Rubuta abin da ka samu a littafi. In saukar bana ta gaza ta bara, ƙasa na kan hanyar zama, rage kaya a gefen, gyara hanyar ruwa, ka toshe tsagar da ragar waya da taɓo saboda ɓera. In damina da rani sun wuce shaidarka ba ta tsage ba, sai a yi gyara na sosai.

Amma in tsaga na ƙaruwa mako mako, ko ta wuce kaurin yatsa, ko bango ya fara turo ciki waje, ko azara na zamewa daga mazauninta, ko ka ga ƙasa ta yi tudu a gindin bango, to a ranar za a fara kwashe kaya, daga gefen da ya nutse. Kada kowa ya kwana a ciki, kada yara su zauna a inuwarsa. Kada kuma ka haƙa gindin bangon da ya nutse da niyyar cusa duwatsu, haƙar na iya ƙarasa shi. Sanar da malamin gona na yankinku, ya haɗa ka da injiniyan gine-gine, ka kuma kai musu littafin awon nan naka da bayanin da masu haƙar rijiya suka ba ka.